Makokin Baba a Garin da Ba a San Shi Ba

A Gwaram aka haife ni, kuma a Gwaram baƙo ba ya bin gida-gida yana gabatar da kansa. Zama yake yi a masaukinsa, mutanen unguwa su zo su same shi. Duk malamin makaranta ko malamin gona da aka turo garinmu, kafin ya gama kwance kayansa Baba ya riga ya yi sallama a ƙofarsa, kwanon tuwo kuma yana nan tafe daga cikin gida. Da na gama karatun jinya aka ba ni aiki a Birnin Kudu, abin da aka yi mini ke nan. Ɗaki ɗaya na kama a bayan kasuwa, ban san kowa ba, amma sai da na yi mako guda ban hura wuta ba. Liman ya zo, mai shagon bakin titi ya zo, har wani tsoho da ba ya ji sosai ya zo ya zauna a tabarmata ya jero mini tambayoyi, bai ji amsar ko ɗaya ba, ya sa mini albarka ya tafi. Shekara goma sha ɗaya na yi a garin. A nan na yi aure, a nan aka haifa mini 'ya'ya mata biyu.

Da wannan tarbiyyar na sauka a Ireland. Wani asibiti ne ya ɗauke ni aiki a wani ƙaramin gari da ke yammacin ƙasar, garin manoma da masu kiwon tumaki, inda ruwan sama bai san damina ba bai san rani ba. Kafin in taso mun yi shawara da matata: zan riga su zuwa in duba wurin. Idan wurin zama ne in aiko su taho, idan ba wurin zama ba ne in cika shekarar da na sa hannu a kanta in komo gida. Ba maganar albashi muke yi ba. Ita marainiya ce, ta san abin da rashin mutane yake yi wa mutum, kuma ta gaya mini ƙarara ba za ta kai 'ya'yanta inda idan ta kwanta ciwo babu mai leƙo su ba.

Asibitin ya samo mini ɗan gida a ƙarshen wata siririyar hanya mai gidaje shida. Asabar ɗin farko na share falo tas, na sayo ganyen shayi da madara da biskit, na juye dabinon da na taho da shi a faranti, na sa kaftani da hula, na zauna ina jiran masu sannu da zuwa. Na jira har magariba. Lahadi ma na jira. Mako ya zagayo, wani ya sake zagayowa, ko kare bai shinshina ƙofata ba. Biskit ɗin ya yi laushi, ni na cinye abina.

Ni mutum ne mai riƙo, ba zan ɓoye ba. Na ce to shi ke nan, tun da ba ku ga na isa a zo a gaishe ni ba, ni ma ba zan kai kaina ba. Na ja labulayena na rufe. Abin da ya ƙara tunzura ni shi ne wani tsoho da gidansa yake kallon nawa. Kullum da safe idan na fito zan je bakin titi in hau bas, sai mu yi kiciɓis yana kan taraktarsa. Ba ya murmushi, ba ya cewa uffan, sai dai ya ɗaga yatsa ɗaya daga kan sitiyari ya wuce. A wurinmu wanda ya ɗaga maka yatsa gargaɗi yake yi maka. Na yi ta laluben laifina. Na ce ko gefen hanyar da nake bi ne ba daidai ba, na koma ɗaya gefen, ya sake ɗagawa. Daga nan idan na jiyo ƙarar taraktar sai in sunkuyar da kai in duƙufa kallon wayata.

A wurin aiki ba ni da ƙorafi. Mutanen kirki ne, sai dai za su tambaye ka lafiyarka, kafin ka buɗe baki sun kai ƙarshen baranda. Ranar Juma'a idan ba ni da aiki nakan yi tafiyar awa guda zuwa babban gari, inda muke salla a wani ɗaki a saman shago tare da likitoci 'yan Sudan da Pakistan. Ana sallamewa kowa zai duba agogo ya ruga. Nakan tsaya a bakin matakala ina ɗaura takalmi a hankali, ko Allah zai sa wani ya tsaya mu yi hira.

Matata kuwa ba ta gajiya da tambaya a waya.

"Malam, ka yi mutane kuwa?"

"Ana nan ana yi."

"Wa ya taɓa shigowa gidanka?"

Sai in ce mata layin ba shi da kyau.

Baba ne kaɗai na faɗa wa gaskiya. Ina jiyo kukan awaki a bayansa, ya ce, "Wata huɗu ba wanda ya yi maka sallama? Anya ba wani abu ka yi musu ba?" Na rantse masa ban yi ba. Ya ce, "To ka saurara. Ran da ka ji an yi musu rasuwa, ka je. Wannan ba a jiran a kira mutum."

Ba a yi wata guda ba, na dawo daga aiki wata safiya na tarar da hanyarmu ta cika da motoci. Wasu maza sanye da riguna masu ɗaukar ido sun buɗe ƙofar wata gona suna nuna wa direbobi inda za su ajiye mota. Na tambayi ɗayansu ko lafiya. Ya ce mai gidan can ne ya faɗi a garken shanunsa jiya da yamma, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa. Gidan mai tarakta yake nunawa.

Na shiga gida na yi ta kai da komo. Zuciyata tana cewa mutumin da bai taɓa yi maka magana ba, me ya haɗa ka da makokinsa? Amma maganar Baba ta fi ƙarfina. Da rana ta yi na yi wanka, na sa kaftanin nan, na ɗora rigar ruwa a kai na fita.

Abin da na gani har yau ban gama mamakinsa ba. Layi ne na mutane tun daga ƙofar gidan har bakin babban titi, a cikin ruwan sama, ba mai turereniya, ba mai ɗaga murya. Tsofaffi da sanduna, mata da goyo a gaba, ma'aikatan banki da kwat, manoma da takalman roba duk taɓo. Garin da nake rantsuwa ba kowa a cikinsa sai tumaki, ashe ga inda mutanensa suke. Ta ƙofar baya mata suna ta shiga da farantai a rufe, kamar yadda matan unguwarmu suke kai kwanuka gidan rasuwa. Na kusa awa guda a layin. Wanda yake gabana ya juyo ya raba lemarsa da ni, bai tambaye ni ko ni wane ne ba.

A falo suka shimfiɗe shi cikin akwati a buɗe, an sa masa kwat, an taje masa gashi. Iyalinsa suna zaune a jere, kowa ya zo sai ya bi su ɗaya bayan ɗaya ya yi musu sannu da rashi. Matarsa 'yar ƙaramar tsohuwa ce mai farin gashi. Da na iso gabanta ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kai ne nas ɗin gidan ƙarshe. Kullum sai ya yi maganarka a wurin karin kumallo. Yana cewa yaron nan akwai kunya, amma wata rana sai ya amsa mini gaisuwa."

Na ce, "Wace gaisuwa, Inna?" Da Hausa kalmar ta fito mini, ban kuma janye ta ba.

Sai ta ɗaga yatsa ɗaya, daidai yadda yake yi.

Wata huɗu da ɗoriya dattijo yana gaishe ni kowace safiya, ni ɗan Gwaram da aka yi wa bulala a kan gaisuwa ina kau da kai. Ga shi kwance, ba halin in ce masa ya yafe mini. Kunyar da na ji a wurin ban taɓa jin irinta ba.

Ban iya tafiya ba. A wurinmu ba a yin ta'aziyya a tsaye a juya, don haka na wuce kicin na tarar da tulin kofuna, na naɗe hannun riga na kama wanki. Can da mutane suka ɗan ragu tsohuwar ta shigo neman ruwa, na gaya mata yadda na share falo na zauna jiransu. Ta ce su kuma sun ga labulena a rufe, suka ce mutumin nan aikin asibiti yake yi, a bar shi ya huta, idan yana son mutane zai fito. A wurinsu faɗa wa baƙo gida ba a gayyace ka ba rashin ta ido ne. Ta dafa tebur ta yi dariya har da hawaye, mijinta yana kwance a ɗakin gaba, ta ce, "Ashe kana jiranmu muna jiranka."

Dariyar ma abin kallo ce a wurina. Suna zaune a gefen gawa suna shan shayi suna ba da labarinsa: yadda ya yi shekaru yana gaba da wani a kan rago, yadda ya taɓa tuƙa tarakta har ƙofar coci don kada ya makara. A yi dariya, a share hawaye, wani ya ɗauko wani labarin. Washegari da aka fito da shi, maza suka ɗauke shi a kafaɗa suna karɓa-karɓa, kamar yadda muke yi da makara. Duk shagon da aka wuce sai mai shi ya rufe ƙofa ya fito ya tsaya. Ban shiga cocin ba, na tsaya a waje, sai na ga rabin mazan garin ma a wajen suke tsaye suna maganar farashin shanu ƙasa-ƙasa.

Daga ranar na buɗe labule, na kuma koyi ɗaga yatsa. Har tumaki na kusa fara ɗaga wa. Direban bas ya san sunana, mai shago ta fara ajiye mini barkono mai zafi. Amma da matata ta ce to yanzu fa, sai na ce ta ƙara haƙuri. Na ce mata, "Sun iya riƙe nasu, wannan na gani da idona. Sai dai ni ba nasu ba ne." Abin da na yi imani da shi ke nan a lokacin.

Da kaka Baba ya rasu. Ya je gonarsa ta hanyar Kwandiko ya duba masu yankan gero, ya dawo yana cewa ƙirjinsa ya yi nauyi, bayan sallar asuba ya kwanta bai tashi ba. Ina tsakiyar raba wa marasa lafiya maganin safe ƙanena ya kira.

"Yaya, sai haƙuri. Baba ya cika."

Kafin azahar aka yi jana'iza. Na shiga ɗakin da muke canza kaya na zauna a kan benci, ƙanena ya ɗaga mini waya ina kallo. Na ga sahu ya cika filin ƙofar gidanmu har ya karya kwana. Na gane 'yan uwanmu na Sundimina, na gane abokan aikina na Birnin Kudu da suka yo hayar mota, na ga babura jingine a jikin katangar masallaci. Aka ɗaga makara, hoton ya tsaya cak, layin ya yanke. Tun ina saurayi na ɗauka ni zan shiga kabari in karɓi Baba, ni ne babba. Aka binne shi ina zaune tsakanin rigunan aikin mutane.

Shugabar sashenmu ta same ni a wurin. Ta ce in tafi gida, kada in damu da aiki. Har na kai ƙofa ta ce, "Ka yarda in gaya wa mutane?" Na ce mata ba ni da mutanen da za a gaya wa. Ban san ita da tsohuwar gidan da ke kallon nawa 'yan wa da ƙane ba ne.

Na isa gida na ture kujeru jikin bango, na shimfiɗa darduma a ƙasa, na ɗauko carbi na zauna. A daidai lokacin na san ƙannena suna zaune a kan tabarmi a ƙofar gida, jama'a suna zuwa ƙungiya-ƙungiya ana ɗaga hannu ana shafawa. Ni kuma ga ni ina zaman makoki ni da na'urar ɗumama ɗaki. Baƙin ciki ya cika ni, haushin kaina ya fi shi yawa. A kan dardumar nan na yanke cewa na gama da ƙasar, shekarata tana cika zan tattara in koma Birnin Kudu.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa. Tsohuwar ce, da burodin da ta gasa a naɗe cikin tawul. Na buɗe baki zan yi mata godiya, sai na hango bayanta. Layi ne, daga ƙofata har ya wuce gidanta. Mutanen gidajen hanyarmu, direban bas, mai shago, ma'aikatan sashenmu da kayan aiki a jikinsu, limamin cocinsu, da fuskokin da ban taɓa gani ba. A ƙofar gonar nan kuma ga masu riguna masu ɗaukar ido suna nuna wa motoci wurin tsayawa. Na wangale ƙofar na matsa gefe.

Na farko ya ga takalmana a bakin ƙofa, sai ya tuɓe nasa, duk na bayansa suka bi. Manyan manoma suka shigo mini falo da safa, wata ma a huje. Da suka ga a ƙasa nake zaune suka ce su ma a ƙasa za su zauna. Gwiwoyi suka yi ta ƙara. Ina cikin hawaye amma aikina bai bar ni ba, ina ta tunanin yadda za a yi a tashe su. Daga baya na ji cewa tsohuwar ta sa an nemo mata wani likita ɗan Sudan a waya, ta titsiye shi da tambaya a kan yadda muke yi. Shi ya gaya mata zaman makokinmu kwana uku ne, ba giya, ba naman alade. Shi ma ya zo da mutum huɗu daga masallacinmu na saman shago. Da suka ɗaga hannu za su yi addu'a, falon ya yi tsit, na ga tsofaffin nan sun sunkuyar da kai, wasu sun buɗe tafin hannu suna satar kallon yadda ake yi.

Kwana ukun nan ban wanke kofi ko ɗaya ba. Kuma ba su bar ni na yi shiru ba. Mu namu a ce ya haƙuri, a ce Allah ya jiƙansa ya sa ya huta, a yi addu'a a tashi. Su kuwa so suke su san mutumin. Me yake nomawa? Shanunsa nawa? Yana da faɗa? Na ba su labarin gero da dawa da riɗi, na nuna musu tsawon zangarniya da hannuna, suka yi ta jinjina kai. Na gaya musu yadda Baba yake amsa sallamar mai karanta labarai a rediyo, har ya harare mu idan ba mu amsa ba. Falon ya fashe da dariya, na tsinci kaina ina yi tare da su. Ban taɓa zama na ba wani labarin Baba daga farko har ƙarshe ba sai a gaban mutanen da ba su taɓa ganinsa ba.

A rana ta uku da hantsi wani dattijo ya zo, yayan marigayi mai tarakta. Ya haura tamanin, hannayensa kamar faifai. Shi dai kujera muka ba shi. Ya ce ko akwai hoton kabarin. Na nuna masa wanda ƙanena ya turo: tudun jar ƙasa, an ɗora ƙaya a kai saboda dabbobi. Ya kawo wayar kusa da idonsa ya daɗe yana kallo.

"Ƙasar tana da sauƙin haƙa," ya ce. "Tamu duk dutse ce. Ba akwati?"

Na ce babu. Na yi masa bayanin likkafani, da ƙaramin ramin da ake yi a cikin babban, da itacen da ake jerawa a kai. Na ce a kan gefen dama ake kwantar da mutum, fuskarsa tana kallon alƙibla.

"Wa ya haƙa?"

"Maƙwabta."

Ya gyaɗa kai. "Nan ma haka ne. Iyalin mamaci ba sa taɓa shebur. Tun ina ɗan shekara ashirin nake haƙa wa mutanen hanyar nan." Ya miƙo mini wayar, ya gyara zama. "Ba fata nake yi maka ba, yaro ne kai. Amma idan taka ta same ka a nan, mu ne za mu haƙa. Ni ba zan kai ba, ɗana zai yi. Sai dai ka nuna mana wajen da kuke fuskanta tun yanzu, kada mu yi maka ba daidai ba."

Na tashi na je taga na miƙa hannu. Dattijon ya ƙwala wa ɗansa kira daga kicin, wani ƙato mai furfura a gemu, ya fito da tawul ɗin goge kofi a kafaɗa. Su biyu suka tsaya a bayana suna bin hannuna da ido.

"Tsakanin rumfar ciyawa da dogon itacen can," in ji ɗan.

"Ka riƙe," in ji uban.

"Na riƙe."

Bayan sun tafi na kira matata. Ban yi dogon bayani ba. Na ce gobe ta kai yaran a ɗauke su hoton fasfo.